Sifilin Tanki na Bakwai

"Ka yi sallama?" in ji tarwadar.

"Na yi," na ce. "Har sau biyu."

"Ba irin wannan ba, ɗan samari. A garin nan sallama sanduna biyu ce a kwance, ɗaya bisa ɗaya. Wanda ya shigo bai ajiye su ba, zancensa zance ne kawai, ba mai ba shi amsa."

Na laluba aljihu na tarar da alamar daidai, da ɗuminta kamar gurasar da aka ciro yanzu daga tanderu. Na ɗora a kan teburin. Tarwadar ta shafa gashin bakinta, wanda ɗaya ya karkace, ta buga hatimi, ta ce in wuce.

Duk wannan a mafarkin da na yi jiya ne, tsakanin Azahar da La'asar, a kan tabarma a zauren Gwaggo Tasalla, kwamfuta a buɗe a kan cikina. Amma kafin in wuce tarwadar bari in faɗi abin da na kwanta da shi, don mafarki da cefanen da ka shigo da shi yake yi maka miya.

Ni da Bara'atu ajin ƙarshe muke a sashen kiwon kifi, kuma aikinmu na kammala karatu ɗaya ne. Tankuna takwas, kowanne da 'ya'yan tarwada ashirin, kowanne da irin abincinsa, har mako takwas. A ƙarshe a auna nauyin kifin kowane tanki, a zuba a jadawalin Eksel, a ga wane abinci ya fi sa girma. Lissafin ba wuya. Akwai abin da ake kira logaridim na asali, wanda a kwamfuta haruffa biyu ne kawai, LN. Ka sa alamar daidai, ka rubuta LN, ka buɗe baka, ka nuna akwatin da nauyin yake, ka rufe baka. Ka ɗebe amsar ranar farko daga ta ranar ƙarshe, ka raba da kwanaki. Shi ke nan.

Tanki na bakwai shi ne zuciyar Bara'atu. Abincinsa ita ta haɗa da hannunta, da garin fara maimakon garin kifi, kuma ta yi imani zai ba kowa mamaki. Sai aka yi wa mahaifiyarta aiki a asibiti, ta tafi Ringim jinya. A bakin tasha ta ce mini, "Mudan, ruwa kawai. Garin fara yana saurin ɓata ruwa. Duk kwana biyu ka sauya." Na dafa ƙirji na ce ko da jinina ne zan sauya.

Na yi kwana biyar a ɗakin karatu ina rubuta mata wasiƙa. Shafi goma sha ɗaya. Na kwatanta idanunta da abubuwa tara, ciki har da taurari biyu da wani kogi da a littafi kawai na san shi. Ranar da na tuna da ruwa, sauran tankunan sun jure. Na bakwai kuwa, duka ashirin ɗin suna kwance ciki a sama, farare, kamar an shanya su.

Ranar awo ni kaɗai na auna, aka raba kifin ga 'yan aji aka soye, ba wanda ya tsaya ƙirga tankuna. Ban gaya mata ba. Asabar za ta dawo, Litinin mu miƙa aikin ga Dakta, malamin da ke duba mu. Da na rubuta sifili a akwatin tanki na bakwai, LN ta ƙi karɓa, ta manna mini #NUM! kamar mai tsawa. Na goge na sa 740, lamba mai kama da ta maƙwabta, ta karɓa lafiya lau. Na goge. Na sake sawa. Ina cikin wannan kai-komo barci ya yi awon gaba da ni.

To, na wuce tarwadar na shiga garin.

Fari ne fat, a shimfiɗe, an yayyanka shi gida-gida kamar ramukan dara. Titunan da suka miƙe tsaye sunansu haruffa, waɗanda suka kwanta sunansu lambobi, kuma kowane gida mutum ɗaya ne a ciki. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tasowa yana komawa gajimare. Mata sun kife bokitai a kan igiyar shanya suna tarar ruwan. Wani dattijo ya wuce ni yana tafe a kan lemarsa, rawaninsa a bushe, wandonsa ma a bushe, ya dube ni da tausayi don ni ƙafafuna sun jiƙe har gwiwa.

Mai gidan farko a Titin D ya yi atishawa. Sai wani ya kama kusurwar gidan ya ja ƙasa, duk layin suka yi atishawa bi da bi har gida na tara.

"Haka ya fi sauƙi," in ji mutumin da ya ja. "Da sai mun bi su ɗaya-ɗaya."

Na ce Allah ya sawwaƙe, na yi gaba.

Sai ga ni a wurin suna. An shimfiɗa tabarmi, an rarraba goro, liman yana tsakiyar raɗa suna: "...biyu, ɗigo, bakwai, ɗaya, takwas, biyu, takwas, ɗaya, takwas, biyu, takwas, huɗu, biyar, tara..." Jaririn yana zaune a gefe, gemunsa ya yi furfura, yana jan carbi. Ragon da aka ɗaure a turke ya ce mini kakan kakansa ne aka sayo don sunan, ya mutu da tsufa yana jira, shi ne aikin ya zama gado.

"Yaushe za a gama?" na tambaya.

"Ba a gamawa," in ji jaririn. "Mutanen gida dai *e* suke ce mini, don a samu a ci abinci. Ka ci goro mana."

Na ci. Ɗanɗanon ruwan tanki gare shi.

Gidan da nake nema yana Titin C, lamba takwas, domin layin farko na masu unguwa ne, ba a ƙirga shi. Tun daga nesa na gane shi. An rubuta #NUM! da gawayi a jikin ƙofar, maƙwabta kuma duk sun juya wa gidan baya. A ciki na tarar da Sifili zaune a kan buzu. Mutum ne kewayayye, mai farar riga, mai sanyin murya, kana iya hango bango ta tsakiyar cikinsa.

"Sannu da zuwa, Mudansir," ya ce. "Kai ka ajiye ni nan."

"Na sani."

"Ni ban yi wa kowa laifi ba. Ni labari ne kawai."

Na ce ya tashi mu je a auna shi kamar kowa. Na goya shi. Bai da nauyi ko na ƙwayar gero, amma tun kafin mu fita titin bayana ya fara ciwo.

Ƙofar awo tana ƙarshen gari. Ƙyaurenta biyu ne masu lanƙwasa kamar jinjirin wata, ɗaya yana kallon ɗaya. A bakinta wata tsohuwa tana zaune a kan turmi tana tsince wake. Kowa Inna El-En yake ce mata. Layi ya yi tsawo, muka bi.

Alhaji Dubu ne a gaba, da babbar riga mai cin mutum uku. Ya ajiye sallamarsa, ya shiga tsakanin ƙyauren, ya fito ɗan tsurut, bai cika bakwai ba, yana jan rigar a ƙasa. Bayansa Alhaji Miliyan ya zo da manyan motoci sittin. Ya shiga da su duka, ya fito a ƙafa, bai kai goma sha huɗu ba.

"Haba Inna!" ya ce. "Ni da na ninka wancan sau dubu?"

"A wurina biyunsa ka yi," in ji tsohuwar, ba ta ko ɗago kai ba. "Ni ba na tambayar nawa ka tara. Tambayata tsawon hanyar da ka bi kana girma. Da jikana nake auna kowa, wancan da ake wa suna. Shi kaɗai ke shiga ya fito ɗaya cif. Matsa, ka tare mini haske."

Malam Ɗaya ya shiga, takalmansa kaɗai suka fito suna tafiya, ba wanda ya yi mamaki. Rabin Ɗaya ya shiga, sai muka ji muryarsa daga ƙarƙashin ƙasa yana cewa lafiya lau yake, akwai sanyi ma.

Layi ya zo kaina. Na sauke Sifili na ajiye sallama.

"Wannan ba ya shiga," in ji Inna.

"Inna, ki taimaka. Maganar soyayya ce."

"Nawa ce?"

Zuciyata ta cika. Na ce, "Ba ta da iyaka, Inna. Ta fi yashin sahara, ta fi..."

"Ita ma ba na karɓa. Ku biyun ku koma gefe."

Na durƙusa. Na ce ai kowa an ba shi amsa, ko da a ƙarƙashin ƙasa ne, me ya sa shi kaɗai? Ta nuna da haɓa. A bayan turminta akwai rijiya mai matakala.

"Amsarsa tana ƙasa. Sauka ka ɗauko."

Na fara sauka. Hawa na farko an rubuta ɗaya bisa goma, taki biyu ne da 'yan kai. Na gaba ɗaya bisa ɗari, shi ma taki biyu da 'yan kai. Ɗaya bisa dubu, haka. Kullum ina ƙara kusantar Sifili, kullum kuma saura taki biyu da 'yan kai. Na wuce mutane zaune a kan matakala suna dafa shayi, sun ce tun suna samari suka shigo nema. Rijiyar ba duhu. Wani haske ne kore-kore a ciki, irin na ruwan da ya kwana biyar ba a sauya ba.

Can sai na ga kifaye suna tahowa daga ƙasa, suna iyo a cikin ruwan da ke hawa sama, a jere, cikin natsuwa kamar masu dawowa daga masallaci. Na ƙirga. Ashirin. Tarwadar nan mai karkataccen gashin baki ce a gaba, ta baro ofis da hatiminta a hammata. A lokacin na tuna ta. Ita ce Bara'atu ke cewa Hakima, don ita ke fara zuwa cin abinci.

Suka tsaya daidai fuskata.

"An ce wasiƙa ka rubuta," in ji Hakima.

"E."

"Shafi nawa?"

"Goma sha ɗaya."

Suka dubi juna, suka jinjina kai.

"An ambace mu?"

"A'a."

"Ko a gefen takarda?"

Na girgiza kai.

"Ba komai," ta ce. "Allah ya sa ta ji daɗin karantawa." Suka wuce sama.

Na fashe da kuka. Hawayen ba su sauko kumatu ba, goshi suka bi suka tashi, suka bi bayan kifayen kamar masu rakiya. Na leƙa ƙasa na tambayi rijiyar ko akwai gindi. Ta ce in ƙara taki biyu da 'yan kai.

Sai ga ni a Titin C ina ƙwanƙwasa ƙofofin maƙwabta. Na aro Bakwai daga gidan sama, na aro Huɗu daga gidan ƙasa. Na jera su gaban Sifili, na tsinci rigar Alhaji Dubu a hanya na lulluɓe su ukun. Rigar ba ta zama sai an riƙe ta ta baya, don haka na damƙe da hannun hagu. Muka tafi a hankali, ƙafafu shida da nawa biyu.

"Suna?" in ji Inna.

"Ɗari bakwai da arba'in."

Ta dubi rigar, ta dube ni, ta jefa tsakuwa ɗaya daga cikin waken.

"Ni ba na bincike, ɗan nan. Abin da aka kawo nake aunawa."

Suka shiga, suka fito shida da ɗigo shida, tsaf, ba wanda zai ce ba 'yan gari ba ne. Gawayin da ke ƙofar gidan ya kakkaɓe kansa ya faɗi. Maƙwabta suka juyo da fuskokinsu. Aka ja kusurwar wata mai guɗa, duk layin ya ɗauka.

Sai na ga an ɗaura mana aure da Bara'atu.

Gidanmu yana da tsakar gida mai faɗi da bishiyar lemo, kuma tanki na bakwai yana tsakiya, a bushe ƙayau. Kowace safiya tana fitowa da ƙwarya, ta watsa garin fara a ciki, Ɗari Bakwai da Arba'in yana zagayawa cikin rigarsa, ni kuma ina biye da hannun hagu a baya. Ban taɓa ganin ta da kyau irin na wannan safiyar ba, kuma safiyar ta yi ta maimaituwa kamar an ja kusurwarta.

"Ka ga yadda suka girma?" takan ce. "Ban gaya maka ba? Garin fara!"

Mutane suka riƙa zuwa daga garuruwa koyon haɗin abincinta. Tana koya musu da zuciya ɗaya, suna rubutawa, suna komawa su zuba wa nasu kifin. Muka haifi 'ya'ya, na ɗauke su da hannu ɗaya. Na ci tuwo da hannu ɗaya, na yi alwala da dabara. Furfura ta fito mana rana ɗaya, kamar an yi mana barbaɗen gari. Hannun hagu ya bushe a jikin rigar har gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin yatsuna.

Wata safiya ta ajiye ƙwaryar. Ta tako har gabana, tsohuwa, idanun nan da na kwatanta da abubuwa tara suna nan yadda suke, kuma ba ɗaya cikin taran da ya yi kama da su. Ta miƙo mini hannayenta biyu.

Na ba ta ɗaya.

"Mudan," ta ce, "shekara arba'in. Ɗayan fa? Wa kake riƙe wa?"

Na waiwaya neman mafita, sai na ga Inna El-En a ƙarƙashin lemon, a kan turminta, har yanzu ba ta gama tsince waken ba.

"Inna, yaya zan yi da shi? Ke ba ki karɓe shi ba, rijiya ba ta da gindi."

"Ai tun farko ba wurina ya kamata ka kawo shi ba," ta ce. "Ni aikina in faɗi yadda abu ya girma. Abin da babu shi, ba girma zan auna masa ba. Wannan ba lissafi ba ne, ɗan nan, ta'aziyya ce. Ita kuwa da ƙafa ake zuwa."

Na buɗe yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Rigar ta sulale. Bakwai ya ruga gida, Huɗu ya bi shi yana ɗingishi. Sifili ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar tankin cikin farar rigarsa, ya gaishe ta da ladabi. Ta tsakiyar cikinsa nake hango fuskarta. Ta dube shi, ta daɗe. Ta dube ni. Ruwa ya tsaya cak a tsakanin ƙasa da sama, kowane ɗigo a inda yake. Na miƙa hannaye biyu, ban san ko za ta karɓa ba.

Ta buɗe baki za ta yi magana.

Abin da ya fito ƙarar injin markaɗe ne.

Na farka. Injin gidan maƙwabta ne, an tayar da shi don markaɗen yamma, yana ta ɓaɓatu ta bayan katanga. Rana ta karkata ta shigo zauren. Hannuna na hagu ya mutu, ashe a kansa na kwanta. Kwamfutar tana nan a kan cikina da ɗuminta, batirin ya yi ja, kuma a akwatin C8 ga 740 zaune daram, amsarsa a gefe tsaf, ba tsawa ba gardama.

Gwaggo Tasalla ta leƙo da kurfoti a hannu.

"Kai Mudan, wane irin barci ne wannan? An yi La'asar tun ɗazu, kana ta sheshsheƙa kamar wanda aka yi wa rasuwa."

"An yi, Gwaggo."

Ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Wa?"

"Kifi. Guda ashirin."

"Amma kai dai an yi ɗan banza. Ka tsinka mini gaba a kan abin miya! Tashi ka yi salla. Kuma in kana da tsohuwar takarda ba ni, gawayin nan ya ƙi kamawa."

Na jawo jaka na ciro wasiƙar. Na dubi shafin farko, inda na fara da taurari. Wallahi akwai jimloli a ciki da ban taɓa rubuta kamarsu ba. Na miƙa mata duka.

"Duk wannan? Ba ta makaranta ba ce?"

"A'a. Ita ce ta cinye ta makarantar."

Ta juya takardun, ta taɓe baki, ta tsaya tana kallona. Na matsa da ɗan yatsa zuwa C8, na goge 740, na sa sifili. Nan take #NUM! ya dawo mazauninsa, na ji kamar in ce masa sannu da zuwa. Ban san abin da Dakta zai ce ba. Ban san abin da Bara'atu za ta ce ba, don injin markaɗe ya cinye mini amsar. Na adana jadawalin kafin batirin ya mutu, na rufe kwamfutar, na miƙe.

"Gwaggo," na ce, da ƙarfi don ta ji ni a kan ƙarar injin, "sifilin nan a wurinsa zai zauna. Gobe kada ki sa tuwon rana da ni. Motar farko zan bi zuwa Ringim, in gaya wa Bara'atu da bakina cewa ni na kashe mata kifi."